Karai Lino da Goɗiyarsa Mora

Har yau a unguwar Bañado da ke bakin kogi, in ka tambayi gidan Isabelino Ortellado sai an tsaya ana kallon-kallo. Amma in ka ce Karai Lino, wato Malam Lino, mai amalanke, kowa zai nuna maka ƙofar, duk da cewa amalanken ya daɗe da barin hannunsa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, rana ta dafe masa fuska, kuma tun da abin nan ya same shi ya koyi tafiya yana kallon ƙasa.

A wani ƙauye can cikin San Pedro aka haife shi, gidan manoman auduga. Da auduga ta daina ciyar da masu nomanta, sai ya tattara matarsa Eulogia da jaririyarsu Griselda suka gangaro Asunción, babban birnin ƙasar, suka kafa ɗakin katako da kwano a inda kowane baƙon talaka ke kafawa, wato a ƙasar da kogi ke ara wa mutane ya kuma karɓe abinsa duk lokacin da ya ga dama. Ya fara da dakon yashi a kafaɗa. A hankali ya haɗa amalanke da hannunsa, ya sayi wani tsohon doki, ya shiga ɗaukar yashi da bulo da ɓaraguzan gini, in kakar lemo ta zo kuma ya zaga unguwanni da lemo. Amalanken kore ne, kuma a katakon baya ya sa aka rubuta sunan Eulogia da farin fenti, manyan baƙaƙe, yadda na bayansa zai karanta tun daga nesa. Ita kam kullum cewa take ya mayar da ita abin kallo a titi, amma duk shekara ita ke tuna masa fentin ya dushe.

An san shi da kirki, wannan ba mai musu. Duk shekarar da kogi ya cika ya shigo gidaje, amalankensa ne ke kwashe katifu da tukwane da tsofaffi zuwa tudu, ya yi ta kai da komowa ruwa har cikin doki, kuma ba ya tsayawa ciniki da wanda gidansa ke nutsewa. Akwai 'yan unguwar da har yanzu in suna ba da labarin haihuwarsu sai su ce a amalanken Karai Lino aka kai uwarsu asibiti.

Da tsohon dokin ya mutu ne ya sayi Mora, 'yar goɗiya baƙa mai sirkin fari, mai tsoron inuwarta. Eulogia ce ta raine ta. Ita ke jiƙa mata masara, ita ke wanke mata baya da yamma, ta duba ko igiya ta ci ta, in ta ga ƙurji ko ɗaya ne ta ce gobe ba fita. Lino ya yi ta mita, ya ce a gidan nan goɗiya ta fi mai gida gata, amma ba ya ƙetare maganarta. Shekaru masu yawa suka yi a haka, su huɗu har da goɗiyar.

Sai Eulogia ta kwanta ciwo, ciwon bai tashi ba. Bayan rasuwarta abubuwa suka haɗe masa. Babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya suka cika gari, sun fi shi sauri, masu gini suka koma wurinsu. Aikin da ya rage masa shi ne wanda babura ke ƙi: kaya mai nauyi, hanya mai nisa. Sai ya riƙa ƙara lodi, yana ƙara sawu. Ambaliyar shekarar ta cinye filin da Mora ke kiwo, ta bar laka da shara. Shi kuma ya fara tsayawa shagon giyar rake kafin ya isa gida. Ba wanda ke jiƙa masara, ba wanda ke duba baya da yamma.

Ba zai ce bai gani ba. Ya ga haƙarƙarinta na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ya ga mikin da ya buɗe a gadon bayanta, sai ya ninka tsohon buhu ya rufe wurin kafin ya ɗaura mata kaya. Griselda, wadda a lokacin ta dawo gidan da zama tana sana'ar gasa chipa, wani ɗan burodin garin rogo da cuku, tana kai wa tashar bas, ta yi masa magana sau ɗaya.

"Baba, goɗiyar nan fa ta rame. Ka bar ta ta huta kwana biyu mana."

"In ta huta ke za ki ja amalanken?"

Ba ta sake ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar watan Janairu ne, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, irin zafin da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi. Ya ɗebo ɓaraguzai daga wani gida da ake rushewa, lodi har ya yi tozo. A kan babban titi, inda hanya ke ɗan hawa, Mora ta tsaya. Ya daka mata tsawa, ta yi taku biyu, ƙafafun gabanta suka lanƙwashe, ta kife a tsakanin sandunan amalanke. Motoci suka taru a baya, direban bas ya kwanta a kan hon, wani ya leƙo ta taga yana zagi. Lino ya diro. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa tsoro ne ya sa, wai dokin da ya kwanta a kan kwalta mai zafi ba ya tashi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Idon jama'a ne ya hau kansa, ya ji duk titin na kallon talaucinsa, sai ya huce a kanta. Ya yi ta zabga mata bulala a wuya da fuska, tana ɗaga kai tana mayarwa, har sai da wata mata ta shiga tsakaninsu da jakarta a ƙirji ta tsaya ƙyam. A nan ya ɗaga ido ya ga wayoyi. Ko'ina waya, a tagogin bas, a bakin shaguna.

'Yan sanda suka zo, bayansu kuma wata tsohuwar mota mai akori. Wata dattijuwa mai gajeren farin gashi da takalmin roba ta fito, ta durƙusa tana zuba wa goɗiyar ruwa a wuya. Ita ce Ña Zunilda (Ña a can kamar a ce Uwargida ne), tsohuwar malamar makaranta, wadda ta mayar da filin gadonta a bayan gari mafakar dabbobin da aka yasar, karnuka da kyanwoyi da 'yan dawaki. Ko kallonsa ba ta yi ba. Aka kwance Mora, majiya ƙarfi suka taru suka ɗora ta a akori. Amalanken kuma aka janye shi zuwa ofishin 'yan sanda, bai taɓa zuwa nemansa ba. Da ƙafa ya koma gida.

A unguwa ya ce ya sayar da ita. Kowa ya gyaɗa kai, alhali kafin ya iso gida bidiyon ya riga ya zaga kowace waya a layin. Ba wanda ya ƙaryata shi. Ya daina zama a bakin shago, giyar ma ya daina, ba don tuba ba, sai don shagon na da mutane. Ya samo baro, yana fita tun da sassafe ya tsinci gwangwani da kwali, ya dawo kafin layi ya cika.

Mutum ɗaya ne bai ƙyale shi ba, maƙwabcinsa Pánfilo mai gyaran takalma, abokinsa tun zuwansu unguwar, wanda bakinsa ba ya da linzami. Kullum da hantsi sai ya jawo kujerarsa ƙarƙashin mangwaron gidan Lino da butar ruwan ƙanƙara, su yi ta miƙa wa juna ƙahon terere, shayin ganye mai sanyi da ake zuƙa da tsinken ƙarfe. Ana nan, da sanyin hunturu ya fara ja baya, ran nan Pánfilo ya shigo yana murmushin da Lino ya san ba na alheri ba ne.

"Mutumina, ka yi suna. An liƙa ka a ƙofar shagon Ña Fidelina."

"Wa ya liƙa ni?"

"To, ba dukanka ba. Ƙafafunka dai. Ni da na yi wa silifas ɗin nan ɗinki sau nawa, ai ko a duhu na gan su na shaida su."

Ya zaro takardar talla daga aljihu ya warware. Sanarwar gashin kaji ce, irin wanda ake yi in ana neman taimako: a sayi tikiti, a zo a karɓi kaza da rogo, ribar ta tafi inda ake bukata. Wannan karon mafakar Ña Zunilda ce, iska ta yaye rufin rumfar dawakinta, abincin dabbobi kuma ya ƙare. Limamin cocin unguwa ya ba da harabarsa. An sa hotuna biyu. A na dama wata goɗiya ce mai sheƙi tana tsaye cikin ciyawa, an rubuta mata suna Milagros. A na hagu ita ce dai, kwance a kan kwalta, bakinta a buɗe. An yanke mutumin da ke tsaye a kanta daga gwiwa, saura ƙafafu. Amma katakon amalanken ya fito sarai, da farin rubutunsa: Eulogia.

Pánfilo na ci gaba da zuba. "Ka ga har suna aka sake mata, kamar wadda ta shiga gidan masu kuɗi. Kai da ka ce sayarwa ka yi, ashe..." Sai ya dubi fuskar abokinsa, ya shiga gyara tsinken ƙahon da ba abin da ya same shi.

Lino bai damu da ƙafafun ba. Sunan ne. Matar da ba ta taɓa barin goɗiyar nan ta kwana da ƙurji ba, ga sunanta a saman wannan abu, a ƙofar shago, a jikin falwayar lantarki, a tashar bas inda 'yarta ke sayar da chipa. Da rana tsaka, lokacin da kowa ke barci, ya je ƙofar shagon ya kama takardar zai yage. Yana juyowa ya ga Ña Fidelina a bayan kantar shagonta tana kallonsa ta saman tabarau. Ta ce, "Bar shi, Karai Lino, da ma iska na ta ɗaga shi." Wannan sassaucin ya fi masa zagi ciwo. Ya tafi da rabin takardar a dunƙule a hannu.

Da yamma ya tarar da buhunan rogo jingine a tsakar gida, Griselda na wasa wuƙa.

"Na mene ne wannan?"

"Na gashin kajin ne. Matan coci sun raba aiki, ni na ɗauki rogo."

"Ke ma? Kin ga abin da suka yi da sunan uwarki?"

Griselda ta ajiye wuƙar. Mace ce mai sanyin magana, amma ranar ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na gani, Baba. Kullum a gabansa nake tsayawa da kwandona. Amma ba su suka kai sunan Mama wurin ba."

Ta ɗauki rogo ta fara ferewa, can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ana neman mai kai gawayi ranar Lahadi. Na ce gidanmu akwai baro."

Har ranar ta zo yana cewa ba za shi ba. Da ta zo kuma sai ya gaya wa kansa zai je ne don ya samu matar nan ya ce ta goge sunan. Ya ja hula har gira, ya turo gawayin ta ƙofar baya ta coci.

Harabar ta cika. An tsaga durom-durom an ɗora ragar ƙarfe, kaji jere suna ɗiga mai, hayaƙi ya turnuƙe har kan titi. Mata na zuba kaza da rogo da shinkafa a robobi, masu babur na karɓa suna kai wa waɗanda suka saya daga gida. Wani na kaɗa garaya a gindin bishiya. A gefe guda an ɗaure karnuka da ƙyallaye masu launi a wuya, masu neman wanda zai ɗauke su, yara na ta roƙon iyayensu. Akwai mutanen unguwa, akwai kuma baƙi daga cikin gari da motocinsu. Lino ya sauke gawayin, aka ce ya tsaya ya riƙa ƙara wa wuta, ya tsaya, don hayaƙin na ɓoye shi.

Sai aka tsayar da kiɗa. Wani saurayi cikin masu taimaka wa mafakar ya karɓi lasifika ya fara ba da labarin Milagros, yadda aka tsince ta, yadda likitan dabbobi ya ce da wuya ta kwana, yadda aka rataye ta da majanyi a jikin rumfa saboda ba ta iya tsayuwa, mutane na karɓa-karɓa wurin ba ta ruwa. Lino bai san da wannan ba. Saurayin ya ce wanda ya yi mata haka mutum ne marar imani. Bai faɗi suna ba, da alama ma bai san shi ba. Amma a layin masu gashi kowa ya san shi, sai duk suka dukufa kan kajinsu kamar yau suka fara ganin kaza.

Wata baƙuwa mai ƙamshin turare da ke jiran robarta ta share hawaye, ta juyo wurin dattijon da ke kusa da ita da shebur ɗin gawayi.

"Baba, ka ji fa. Irin waɗannan ai kamata ya yi a ɗaura musu amalanken su ja, a ga yadda za su ji. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, 'yata," in ji Lino.

Ta sa masa albarka saboda taimakon da yake yi, ta tafi. Pánfilo, da ke juya kaji a kusa, ya yi tari ya ce hayaƙin nan zai kashe mutum. Lino ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Yana harhaɗa buhunan da babu komai zai sulale, sai ya ji an ce, "Kai ne mai goɗiyar." Ña Zunilda ce, da allon tikiti a hannu, ta fi yadda ya tuna ƙanƙanta. Ba tambaya ta yi ba.

Ya cire hula. Duk maganar da ya shirya ta gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Sunan da ke jikin katakon, na matata ne. Ta rasu. Ba ruwanta."

Ña Zunilda ta ce, "Ban sani ba. Na ɗauka sunan amalanken ne kawai. Yaran ne suka haɗa takardar, ni kuma ban hana ba, don hoton na sa mutane su buɗe jaka. Ba za a sake buga shi haka ba." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ba zan ce maka ba komai ba, Karai, don da komai. Na yi wata ina jin haushinka. Amma ga ka da gawayi. In kana son ganinta, ƙofa a buɗe take."

Sai da ya ɗauki makonni kafin ya hau bas zuwa can. Mafakar fili ne mai shingen waya, karnuka suka tarye shi da haushi, sabon kwano na ƙyalli a kan rumfar dawaki. Ña Zunilda ta kai shi bakin wani shinge ta koma gefe. Mora na can tana cin ciyawa. Ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta, inda mikin yake ya zama farin tabo. A bas ya yi ta saƙa yadda za ta yi haniniya in ta gan shi, kamar yadda take yi da can in ya fito da safe. Ya kira ta a hankali da sunanta na gida. Ta ɗago, kunnuwanta suka miƙe. Ta san shi. Wani ƙuda ya sauka masa a goshi, ya ɗaga hannu zai kore shi, sai goɗiyar ta fizge kai sama, ta ja da baya da sauri har gindinta ya bugi shingen can ƙarshe, ta tsaya tana huci, farin idonta a waje.

Ya sauke hannun sannu-sannu ya sa a aljihu. Ña Zunilda ta juya, ya bi ta. Da suka juyo, sai ya ga tarin ciyawar da ke rumfar bai taka kara ya karya ba, ya tambaya wa ke yanko musu.

"Duk wanda ya samu lokaci. Yawanci ba wanda ke samu."

"Ina da adda," in ji shi.

Daga nan duk Lahadi yana zuwa. Ya yanki ciyawa a bakin rafin da ke bayan filin, ya ɗaure dami-dami, ya jibge a rumfa, ya kwashe kashin dawaki, ya gyara shingen da ya faɗi. Ba ya bi ta gefen da Mora take, in ya zama dole ya wuce, sai ya rungume hannuwansa a ƙirji. Samari da 'yan matan da ke taimakawa sun zo sun san ko shi wane ne. Wasu suka daina gaishe shi, wasu suka riƙa gaishe shi fiye da kima, saurayin nan mai lasifika kuwa in ya hango shi sai ya canza hanya. Da ƙahon terere ya zagayo lokacin hutu, Lino kan ce ya sha a gida.

Bayan kusan shekara aka sami masu ɗaukarta, wani ma'aikacin jinya da matarsa daga wajen Paraguarí, suna da fili da 'yarsu mai son dawaki. Ña Zunilda ta je ta ga wurin da idonta, ta sa suka yi alkawarin ba za a ƙara ɗaura wa goɗiyar kaya ba har ta mutu. Ranar tafiya ta faɗo Lahadi. Aka kawo mota, aka jingina katakon hawa, Mora ta zo bakinsa ta kafe. Aka yi lallashi, aka nuna mata masara, aka rufe mata ido da riga, aka ja ragama, aka tura ta baya, ko gezau. Rana ta take, direba ya fara duba agogo. Lino na can nesa da addarsa yana yi kamar bai gani ba, har Ña Zunilda ta taka ta same shi.

"Karai Lino, ko za ka gwada? Kai ta sani."

"Ña, gara dai a bar ni."

"In ba ta hau yau ba, ban san yaushe za su sake samun mota ba."

Ya ajiye addar. Bai taɓa ragamar ba, bai ko matsa kusa sosai ba. Ya tsaya ta bayanta, daga hagu, daidai inda yake zama a kan amalanke, ya yi tsawar nan guda ɗaya da ya saba yi mata a gindin hawa. Bai ma ɗaga murya can ba. Jikin goɗiyar gaba ɗaya ya ɗauki rawa, ta sunkuyar da kai, ta haye katakon da gudu kamar mai jan lodi, ta tsaya a cikin akorin gumi na keto mata, fitsari na bin ƙafafunta.

Aka tafa. Ma'aikacin jinyar, wanda bai san komai ba, ya kama hannunsa yana girgizawa, ya ce, "Baba, kai kam ka san doki. Dubi yadda take jin maganarka." Yarinyar na tsalle. Lino ya dubi Ña Zunilda, ya ga ita ba ta tafa ba. Su biyu ne kawai a wurin suka san abin da ya sa goɗiyar ta hau.

Kafin motar ta tashi ya matsa wurin taga ya ce wa mutumin, "Kada a ɗaga hannu kusa da fuskarta. Tana son ɓawon kankana. In an jiƙa mata masara kafin a ba ta, ta fi ci." Mutumin ya ce zai kiyaye, ya tambayi sunansa don ya gaya wa 'yarsa. Lino ya ce shi mai yankan ciyawa ne kawai. Ya koma bakin rafi, ya daɗe a tsugune bai yanki komai ba.

Bai sake ganinta ba. Ña Zunilda kan ce an aiko da hotuna, ko zai duba, ya ce idonsa ba ya ganin waya sosai. Amma bai fasa zuwa ba, don akwai wasu dawakin, kuma sababbi na ta zuwa. Yanzu gwiwa ta fara ba shi wahala, Griselda ce ke raka shi tasha, tana masa faɗan ya rage nauyin damin.

A bara, wata ranar zafi, yana zaune da Pánfilo a ƙofar gida sai ga wani matashi ɗan ƙarshen layi, Derlis, ya biyo da amalanke cike da tsofaffin ƙarafa, dokinsa na ɗingisa ƙafar baya. Lino ya miƙe, abin da ya daɗe bai yi ba a gaban mutane, ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Derlis, sauke rabin kayan nan a ƙofata, ka dawo ka ɗauka. Dokin nan ba zai kai titi ba."

Matashin ya dube shi daga sama, ya yi 'yar dariya. Mata biyu da ke ɗiban ruwa a famfo suka tsaya.

"Kai, Baba Lino? Kai ne za ka koya mini riƙon doki?"

Dattijon bai kauce ba. "Ni ɗin," in ji shi. "Akwai wata mata a bayan gari, tana da likita, ba ta karɓar komai. In ka kai shi da ƙafarsa, ba za ta ƙwace maka ba. In ka jira sai an zo an ɗauke shi, shi ke nan."

Derlis ya ja linzami ya kewaye shi ya wuce, ƙarafan na ƙara. Lino ya koma kujerarsa. Pánfilo ya cika ƙahon ya miƙa masa, ko da yake ba layinsa ba ne. Suka bi amalanken da ido har ya kai kwanar famfo, inda ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya karya kwana ya ɓace musu.